Gorubar da Kaka Ta Je Nema

Ranar wata Alhamis ce, farkon hutun tsakiyar shekara, lokacin ina aji huɗu na firamare. Mun fito ƙofar gidanmu a unguwar Ƙiblatain ta Madina da sassafe, kowa da kayan da aka ɗora masa, ni da kwandon kwanuka, ƙanena Usama da buta biyu yana jan su a ƙasa, sai muka tarar Kaka ta riga kowa shiga mota. Tana zaune a kujerar baya ta jikin taga, ƙunshin kayanta a cinya, sandarta tsakanin gwiwoyi, ta yafa farin mayafin nan da ba ta fito da shi sai in za ta Harami. Babanmu ya tsaya turus da katifa a ka. Ya leƙa ta taga ya ce, "Hajiya, bahar fa za mu. Teku." Ta ce, "Na ji. Ido ne ya tafi, kunne yana nan." Baba ya kalli Ummanmu, Umma ta kalli ƙasa, aka ɗaure katifa a saman mota muka kama hanya.

Wanda bai san Kaka ba zai ce mene ne abin mamaki don tsohuwa ta bi jikokinta hutu. To Kaka, mahaifiyar Babanmu, ba ta ga maciji da teku. Ba ta cin kifi, ko a miya aka ɓoye mata shi sai ta gane. In aka nuna teku a talabijin sai ta juya baya, alhali a lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Duk shekarar da aka ce a je Yanbu shan iska, amsarta ɗaya ce: "Bakin rijiya ma ba wurin wasan makaho ba ne, balle ruwan da ba a sha." Mu yara mun ɗauki abin a cikin halayen tsofaffi, kamar yadda take ƙin shan ruwan firji da kwana a ƙarƙashin fanka. Mun san dai an zo da ita ƙasar nan tana ƙarama, daga wani gari a ƙasar Hausa, a ƙafa, shekara da shekaru ana tafiya ana yada zango. Iyakar abin da muka sani ke nan, kuma ba mu damu mu tambaya ba.

Ni ce 'yar ɗakinta, kuma ni ce idonta. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, Hauwa, saboda haka tunda aka haife ni bakin Kaka bai taɓa furta sunana ba, sai dai "Uwata". In na yi laifi ma haka za ta ce, "Uwata, wallahi yau sai na zane ki," har maƙwabta su yi ta dariya. Da na dawo daga makaranta, kafin in cire rigar makarantar ma, za ta ji motsina ta kira ni saman bene, inda take da 'yar rumfarta kusa da akurkin tantabarun Baba. Nan za mu zauna muna ɓare gyaɗa, muna tsince zoɓo, muna ƙulla yaji da kuka da daddawa a 'yan ledoji. Bayan la'asar in ɗauki tire, ta dafa kafaɗata, mu gangara kusa da masallacin Ƙiblatain inda motocin masu ziyara ke tsayawa. Ta san alhazan Kano da na Damagaram da na Sudan daga takunsu da tarinsu, kafin su buɗe baki. Ni kuwa in ciniki ya yi sanyi sai in ja gefe in yi carafke da duwatsu, kunnena yana wurinta. A tiren nan babu abin marmarin gida da ba ta sayarwa, har aya da magarya da tsamiyar biri in an samu. Goruba ce kawai ba ta taɓa hawa tirenta ba. Wata Hajiya ta taɓa kawo mata tsaraba rabin buhu, ta sa aka kai wa maƙwabta ko kwance bakinsa ba a yi ba.

Asalin tafiyar, wani abokin aikin Baba ne, Ammu Salim, Balarabe mutumin bakin teku, ya zo cin tuwo gidanmu, don ya fi mu son miyar kuka. Yana ci yana yabon ƙauyensu da ke can bayan Badar, ya ce akwai ɗakuna biyu a gidan mahaifiyarsa babu kowa ciki, mu je mu yi hutu mu ci kifin da bai san ƙanƙara ba. Ni da Kaka muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, muna jiyo su ta labule. Sai ya yi dariya ya ce wa Baba ai ma garinku ne, domin tsofaffinmu suna kiran gaɓar da ke arewa da mu Masaukin Takari. Kalmar nan in aka jefe mu da ita a makaranta sai an raba dambe, amma shi a bakinsa ba zagi ba ce, sunan wuri ne kawai. Na ji ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya a gefena. Da na waiga, Kaka tana riƙe da kwanso ɗaya a hannu, ta karkata kai wajen labule. Can sai ta ci gaba da ɓararta kamar ba ta ji ba. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Hanyar Badar a lokacin doguwa ce a wurin yaro. Baƙaƙen duwatsu dama da hagu, sai kwari ya buɗe a ga gonar dabino kore shar, da bakin famfo yana zuba a kwalbati, sai duwatsu su sake rufewa. Usama yana ƙirga raƙuma yana ɓata lissafi yana sake farawa. Mun tsaya a Badar Baba ya sayi burodi mai zafi da kankana, aka zuba shayi daga filas, Kaka ta ƙi saukowa. Bayan Badar ƙasa ta baje, duwatsu suka koma bayanmu, sai fako fari da gishiri ya yi wa ɓawo, da guntayen itatuwan ƙaya da iska ta kwantar gefe ɗaya. Ba mu ga ruwa ba tukuna sai Kaka ta ja numfashi ta ce, "Ga shi nan." Ta lalubo hannuna ta riƙe.

Ƙauyen bai fi a zaga shi kafin shayi ya huce ba. Gidajen bulo marasa fenti, masallaci ɗaya mai gajeriyar hasumiya, kanti ɗaya da ake sayar da komai daga ƙugiya har alewa, sai jirage na katako a kife a kan rairayi, an shanya raga a jikinsu. Kyanwoyi sun fi mutane yawa. Ummu Salim, mahaifiyar abokin Baba, 'yar siririyar tsohuwa ce mai lalle har gwiwar hannu. Ta tarbe mu da gahawa da dabino, da yamma ta aiko da shinkafar da aka dafa da romon kifi, ja wur da soyayyiyar albasa. Mun ci har muna lashe faranti. Kaka ta ci burodi da shayi, ta zauna a ƙofar ɗaki ta ba teku baya, amma na lura duk igiyar ruwan da ta bugi gaɓa sai leɓenta ya motsa.

Washegari aka sake mu. Baba ya bi masunta, Umma ta shiga wurin matan gidan, ni da Usama muka faɗa hannun yaran ƙauyen. Su suka koya mana tono ƙaguwa daga raminta da tsinke, da gane wurin da za a taka a cikin ruwa ba tare da dutse ya yanke ƙafa ba. Mu kuma muka koya musu langa, suka yi ta faɗuwa a rairayi suna cewa wasan mahaukata ne. Da ruwa ya ishe mu sai muka bi awakin Ummu Salim zuwa bayan gari. Akwai gonar kankana da ba a ba ta ruwa sai abin da ambaliya ta bari, akwai tsohuwar rijiya mai ruwan zartsi da muka leƙa muka yi ihu a ciki, akwai ƙasusuwan raƙumi da rana ta gasa suka yi fari fat. Muna ta bin gaɓa ta arewa har muka hau wani tudun farin dutse. Daga samansa na hango, a bakin wani busasshen kwari inda yake shiga teku, itatuwa tsaitsaye masu rassa biyu-biyu, da gashin kai buzu-buzu. A duk faɗin wurin nan babu wata inuwa sai tasu.

Goruba ce. Na san 'ya'yanta a kasuwa, amma ban taɓa ganin uwar ba. Na ruga, Usama ya biyo ni. 'Ya'yan sun zube a ƙasa birjik, jajaye, ba wanda ya tsince, har wasu sun fara tsagewa. Muka cika aljihu, muka zauna muna gwaguya, zaƙin nan mai ƙamshi yana maƙale mana a haƙori. Sai da na ci biyu na lura mu kaɗai ne. Yaran ƙauyen sun tsaya a kan tudu, a jere, ba wanda ya sauko. Awakin ma sun kewaye ta gefe. Na ɗaga musu hannu, na nuna musu gorubar, babbar cikinsu ta girgiza kai, ta ce da Larabci mu taho, ba a zama a nan. Na tambaye ta dalili, ta ce haka suka taso suka gani. Wurin shiru, in ban da kabar da ke saman itatuwan tana kaɗawa, ƙaras-ƙaras, kamar mutane da yawa suna tsince shinkafa a faifai. Duk da haka ban zubar da na aljihuna ba. Ni ce fa, da ba na barin ko ƙanzon tukunya.

Bayan la'asar na zo miƙa wa Kaka butar alwala, sai ta cafke wuyan hannuna, ta jawo ni ta shinshina bakina. Ta ce, "A ina kika samo goruba?" Na ce a bayan tudu. Ta ce, "A tire ko a ƙasa?" Na ce a ƙasa, ƙarƙashin bishiya. Sai ta saki butar, ruwa ya bi tabarma, ba ta ko janye ƙafa ba. Ta sa na turo ƙofa, ta zaunar da ni a gabanta, ta ba ni labarin da ko Babanmu bai taɓa ji daga bakinta ba.

Ta ce tana kamar shekaruna suka iso bakin teku ta wancan gefen, ta Sudan, ita da mahaifinta da Innarta. Ba su da takarda, saboda haka suka shiga wani jirgin katako mai tafiya da iska, an cusa su kamar buhunan gero. Iska ta juya musu, tafiyar da aka ce ta kwana kaɗan ce ta ƙi ƙarewa, ruwan sha ya ƙare, zazzaɓi ya kama Inna. Guzurin da ya rage musu goruba ce. Ta ƙarshen Inna ta miƙa mata, ta ce ta yi ta tsotsa kada ta yi kuka. Da masu jirgin suka ga ƙasa sai suka sauke su a cikin ruwa iya ƙirji, suka ce ku haura, gari yana bayan tudu, suka juya. Babu gari. Mahaifinta ya goyo Inna ya fito da ita, ya kwantar da ita a kan rairayi. Ta tambaya, "Mun iso?" Ya ce mun iso ƙasar, saura Madina. Ta ce to alhamdu lillahi. Kafin azahar ta cika.

Da ƙwarya da hannu aka haƙa kabarin, a bakin kwari inda ƙasa take da damshi. Babu tukunyar da za a fasa a rufe, babu itace, babu dutsen da iska ba za ta binne ba. Sai mahaifinta ya buɗe hannun 'yarsa, ya karɓi ƙodagon gorubar da ta gwaguye tas, ya tura shi cikin ƙasa wajen kai, ya juye masa ɗan ruwan da wani ya samo. Ya ce mata, "Duba gabas, duba yamma, babu itace ko ɗaya. In Allah ya raya wannan, duk ranar da muka dawo, gorubar da muka gani ita ce Innarki." Bai dawo ba. Shekara biyu da isarsu Madina ya rasu, aka aurar da ita, 'ya'ya suka zo, ba ta san sunan wurin ba balle ta tambaya. Ta ce, "Uwata, ta tambaya ko mun iso, aka ce mata saura. Har yau ba wanda ya koma ya gaya mata. Gobe in Babanki ya tafi kamun kifi ki kai ni. Kada ki faɗa masa, zai ce mata ba sa zuwa kabari." Sannan ta shafa fuskata, tana murmushin da ban taɓa gani a wurinta ba, ta ce, "Gorubar ita kaɗai ce a wurin, ko? Ta yi tsawo?"

Na ce ta yi tsawo. Wannan kam gaskiya ne. Sauran maganar kuwa na ɓoye mata. Ranar ko shinkafar Ummu Salim ban iya ci ba, Umma ta taɓa goshina ta ce rana ce ta buge ni. Tsoro biyu ne suka haɗu mini. Na farko, na ci 'ya'yan itacen da ya tsiro a kan matar da nake ɗauke da sunanta. Na biyu ya fi shi nauyi: tsohuwar nan ta jira tun tana kamar ni, gobe za ta dafa kafaɗata ta ce in nuna mata bishiya ɗaya, ni kuwa na san abin da ke bayan tudun. Na yanke shawara zan zaɓi wadda ta fi tsawo in kai ta, in ce ga ta. Ai ba gani take ba.

Da hantsi muka fita. Tafiyar da muka yi jiya a guje, yau sai da muka huta sau da yawa, don rairayi yana cinye mata sanda. Teku yana hagunmu, ba ta juya masa baya ba wannan karon, ba ta kuma kula shi ba. Da muka hau tudun farin dutse ta durƙusa ta shafa shi, ta ce ta tuna wannan, a nan ta zauna lokacin da ake haƙa. Muka gangara. Na riga na hango wadda zan kai ta, wata doguwa mai rassa huɗu a tsakiya, na fara jan ta wajen. Sai iska ta taso daga teku ta shiga cikin itatuwan, gaba ɗayansu suka amsa, na kusa da na nesa, har can cikin kwari. Kaka ta tsaya cak. Hannunta ya yi nauyi a kafaɗata. Ta daɗe tana saurare, kanta yana juyawa a hankali daga dama zuwa hagu. Ta ce, "Uwata, wannan ba ƙarar bishiya ɗaya ba ce." Sai na fashe da kuka. Ta ce, "Nawa ne?" Na ce ban iya ƙirgawa ba, suna da yawa, Kaka, sun cika wurin. Ta sulale ta zauna a ƙasa, sandar ta faɗi gefe.

Ban san Ummu Salim ta biyo mu ba sai da na ga inuwarta. Ashe tun fitowarmu ta gane inda muka nufa, don ta ce ba yau ta fara ganin tsofaffin mutanenmu suna bin wannan gaɓa ba. Ta zauna kusa da Kaka, a bakin inuwar, ba ta shiga ciki ba. Ta ce abin da surukinta ya gaya musu shi ne, da can babu ko ɗaya. Sai aka ga kaba ta tsiro a kan wani ɗan tudun ƙasa. Bayan nan masu jirage suka ci gaba da zubar da mutane a wurin shekara da shekaru, kuma da wuya ayari ya sauka ba tare da gawa ko mai shirin zama gawa ba. Duk waɗanda suka fito daga ruwa suka ga kabar nan, ba sa tambayar kowa, sai su ɗauko mamacinsu su kawo kusa da ita, su binne, su ciro ƙodago daga guzurinsu su tura a ƙasa. Daga baya itatuwan suka yi 'ya'ya, ambaliya ta watsa su, wasu suka fito da kansu, wasu tsofaffin suka faɗi. Yanzu ba mai iya cewa wannan kabari ce, wannan ba kabari ba ce, ko wacce ce ta fari. Ta ce, "Mu dai ba ma ci, ba ma yankar kabarsu. Baƙin Allah ne."

Na zaci Kaka za ta yi kuka. Sai na ji ta yi wata 'yar dariya, hawaye yana bin kuncinta. Ta ce da Hausa, ba da Ummu Salim take ba, "Allah sarki Babana. Ya ɗauka shi kaɗai ya san dabarar." Ta goge fuska da gefen mayafi. Ta ce, "Uwata, ba mutuwarta ce ta hana ni sakewa ba, kowa zai mutu. Barin ta da muka yi ne ita kaɗai, a wurin da babu mai jin Hausa. Inna kuwa mace ce mai son mutane, ko tuwo ba ta iya ci ita ɗaya. Ashe ta yi maƙwabta." Na ga ta ɗan sake, sai na samu bakin gaya mata cewa jiya na ci, har biyu, ga sauran a aljihuna. Ta ce, "Ci abinki. Guzuri ne, don a ci aka ɗauko shi daga gida."

Sannan ta ce in miƙo mata sanda, in kai ta wurin ta farko. Na ce wacce? Ta ce duk wadda ta fi kusa. Na kai ta, ta ɗora tafin hannu a jikin itacen, ta yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, ta yi addu'a. Sai ta matso da bakinta kusa, ta ce a hankali, yadda ake gaya wa mai barci magana ba a so ya firgita, "Inna, mun isa. Mun isa Madina. Ga takwararki." Ta ɗaga hannu ta ce, "Ta gaba." Haka muka yi ta bi, bishiya bayan bishiya, dogaye da gajeru, har da kututturen da suka faɗi da 'yan kabar da ba su kai gwiwata ba, ba ta yarda mu tsallake ko ɗaya ba. Rana ta take, inuwa ta tsuke, muryarta ta dushe, ƙaya ta yaga mini riga. Ta ce in ma ba Inna ba ce a ƙarƙashi, to uwar wani ce, kuma ita ma ba a dawo an gaya mata ba.

Muna can tsakiya na hango Baba a kan tudu, Usama yana nuna masa mu. Ya gangaro da sauri, fuska a murtuke, na san faɗan da ke bakinsa, har na fara ɓuya a bayan Kaka. Ya iso daidai lokacin da take faɗin maganarta a jikin wata bishiya. Ya tsaya. Ya ji ta sake faɗa a ta gaba. Ban san abin da ya fahimta ba a lokacin, don ba wanda ya yi masa bayani. Na ga dai ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya zo ya kama ɗaya hannun nata, muka ƙarasa sauran mu uku. Da yamma Ummu Salim ta aiko da gasasshen kifi, Kaka ta gutsiri kaɗan ta ci, ta ce ba laifi, amma bai kai a yi ta surutu a kansa ba.

Kaka ta yi shekara uku bayan nan. Goruba ta hau tirenta, kuma in yaro ya tsaya yana kallo ba ta karɓar komai a hannunsa. Da ta rasu aka kai ta maƙabartar Baƙi'a, abin da iyayenta suka baro gida suna yi wa kansu fatansa. A can ba a rubuta suna, ba a shuka komai, tudun ƙasa ne da ɗan dutse, dubbai, kuma mu mata iyakarmu bakin katanga. Baba ya nuna mini wajen da hannu ta tsakanin ƙarafa, ya ce can ne, kusa da inda tantabaru suka sauka. Kafin in daidaita idona tantabarun sun tashi.

Bara na kai 'ya'yana ƙauyen. Yanzu daga gidana a unguwar Aƙiƙ ta Madina tafiyar ba ta kai a ji yunwa ba. An yi kwalta har bakin ruwa, an jera gidajen haya masu fenti da wurin gasa nama, kantin nan ɗaya ya zama jerin shaguna, Ummu Salim ta daɗe da rasuwa, kuma matashin da na tambaya Masaukin Takari ya ce bai taɓa jin sunan ba. Tudun farin dutse yana nan. Gorubar ma suna nan, sai dai sun ragu, hanya ta ci gefe ɗaya, kuma na ga gwangwanayen lemo a ƙarƙashinsu, alamar yanzu ana zama. 'Yata ta tsinci ɗaya ta tambaye ni da Larabci ko ana ci. Na amsa mata da Hausa na ce ana ci, guzuri ne. Ta gane, amma ba ta tambaye ni guzurin wa ba, ni ma a shekarunta ban tambaya ba sai da aka shinshina bakina. Iska ta taso, kabar ta amsa, na tsaya ina saurare har yaran suka gaji suka koma mota.

Ranar Juma'a, in na fito daga Harami, nakan bi ta jikin katangar Baƙi'a in tsaya a inda Baba ya tsayar da ni. Da can nakan yi ta ƙoƙarin tuna wane tudu ne, in ƙirga daga hanya, in ɓata, in koma gida da ciwon rai. Yanzu na daina. Nakan ɗora hannu a kan ƙarfen, in yi sallama, in ce, "Kaka, Uwarki ce." Sai in gaishe su duka.